Wane Ne Ɗan Gari?

Hausawa suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk wanda ya taɓa zama a tashar motar Funtuwa, ko a gindin wata inuwa a kasuwar Malumfashi, ya ji gaskiyar wannan magana da kunnensa. Mutumin Bakori ya ce ba inda ake dawa kamar tasu, na Ɗandume ya ce hatsin kasuwarsu har bakin teku ana cinsa, na Ɗanja ya kawo zancen rake da tumatir, na Ƙafur ya ce ai su ne suka ba Jihar Katsina gwamna cikin 2015, watau Aminu Bello Masari. In gardama ta yi zafi kuwa, sai duk su haɗa kai su ce da ba domin kudancin Katsina ba, da mutanen birni sun kwana da yunwa. Galibi ana yi ana dariya, a tashi ba wanda ya ji haushi. Amma ƙarƙashin wannan raha akwai tambaya mai nauyi: shin kishin garin haihuwa halin kirki ne, ko kuwa son kai ne ya sa babbar riga?

Da farko ya kamata a duba abin da ake taƙama da shi. Gaskiya ne ƙasar nan ta fi arewacin Katsina ruwan sama, daminarta ta fi tsawo, ƙasarta kuma tana da ƙarfi, tana karɓar masara da dawa da auduga da waken suya. To, amma wa ya yi ruwan saman? Wa ya shimfiɗa fadamun? Jaririn da aka haifa a Malumfashi bai zaɓi Malumfashi ba, kamar yadda wanda aka haifa cikin jigawar Kaita bai zaɓi jigawa ba. Saboda haka waɗansu malamai suke cewa mai alfahari da garinsu kamar bara ne da ke taƙama da dokin ubangidansa. Abin da mutum bai yi da hannunsa ba, godiya ce ta wajaba a kansa, ba fahariya ba.

Labarin Funtuwa kanta yana ƙarfafa wannan magana. A zamanin dā Maska ce babban gari a wannan yanki, tana da sarakunanta tun kafin jihadi, ta kuma yi suna wajen saƙa da rini. Funtuwa ba ta kai a ambace ta tare da Maska ba. Da Turawa suka zo, suna neman auduga domin masaƙun Ingila, sai aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Kamfanin B.C.G.A. ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, daga baya aka kafa wani a Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. Sarkin Maska ya zama a Funtuwa yake zaune, sunan sarautar kaɗai ya rage yana tuna wa mutane tsohon gari. Sai jama'a suka yi ta kwararowa, Kanawa da Zazzagawa da Zamfarawa, Yarabawa masu sayen amfanin gona, Ibo ma'aikatan jirgi da masu kanti, da 'yan cirani daga ƙasar Faransa, watau Nijar ta yanzu. Wanda ya tsaya yau ya bugi ƙirji ya ce Funtuwa tasu ce tun kaka da kakanni, in aka bi salsalarsa a hankali, sau da yawa za a tarar kakan nasa da buhu a ka ya shigo garin.

Duk da haka, masu cewa kishin gari banza ne su ma sun wuce gona da iri. Mutum ba tsiron dutse ba ne. Akwai ungozomar da ta yanke masa cibiya, da malamin da ya rubuta masa allo, da rijiyar da wani ya haƙa tun ba a haife shi ba, da tsamiyar da wani ya shuka bai sha inuwarta ba. Ran da ubansa ya kwanta ciwo ana tsakiyar noma, samarin unguwa ne suka yi gayya suka nome gonar, ba su karɓi ko anini ba sai fura. Waɗannan abubuwa bashi ne, kuma ba ya biyuwa ga waɗanda suka ba da shi, gama yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ga garin ake biya. Ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙaunaci Makka, bai kuwa bar ta ba sai da aka tilasta masa. Ashe son gida ba aibi ba ne. Abin lura shi ne, akwai mai ɗaukar garinsu kamar gādon da zai ci, akwai mai ɗaukarsa kamar bashin da zai biya, su biyun kuwa duk kishi suke kiran abin da ke zuciyarsu.

A wurin rabon aiki ne ake gane bambancinsu. A ce ga wani ma'aikaci a ofis, an ba shi ikon ɗaukar malamin asibiti guda ɗaya. Mutum biyu suka zo, ɗaya ɗan unguwarsu ne, ya san uwarsa ya san ubansa, amma hannunsa bai faɗa ba. Ɗayan kuwa baƙo ne, iyayensa daga wata ƙasa suka zo, amma gwani ne. Dattawan unguwa za su yi sallama da dare su ce, "Malam, naka sai naka. In ba ka taimaki ɗan'uwanka ba, wa zai taimake shi?" Maganarsu tana da daɗin ji, kuma ba a ce ba ta da kan gado sam ba, domin hakkin zumunta gaskiya ne. Amma aikin ba nasa ba ne balle ya yi kyauta da shi, amana ce. Wa zai kwanta a asibitin nan? 'Yan garin ne dai, har da 'ya'yan dattawan da suka zo roƙo. In ya ɗauki wanda bai iya ba, ya faranta wa gida ɗaya, ya cuci gida dubu. In yana son ya taimaki ɗan unguwarsu, ga aljihunsa nan, sai ya biya masa kuɗin makaranta ya koma ya ƙware. Wannan hanya ta fi wuya, shi ya sa masu binta ba su da yawa.

Sa'an nan wane ne ma baƙon? Ana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, watau baƙo da hantsi ya yi zai bushe ya tafi. To, wanda aka haifa a Funtuwa, ya yi karatu a nan, ya biya haraji a nan, ya binne uwarsa a nan, ina za shi? Amma ran da ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma domin shiga makaranta ko aikin gwamnati, mai yiwuwa a ce masa ya tafi garin kakansa, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Shi kuwa wanda ya bar gari shekara talatin, bai taɓa aiko da ko bulo ɗaya na gyaran masallaci ba, ya zo da rana ɗaya ya karɓi tasa. Alhaji Mamman Shata a Musawa aka haife shi, ya zauna Bakori, ya yi shekaru masu yawa a Funtuwa, da ya rasu cikin 1999 aka binne shi a Daura. Kowane ɗaya daga garuruwan nan yana cewa nasa ne, ba wanda ya tambayi takardarsa. Mai suna kowa na so ya zama ɗan garinsu, talaka ne ake bin asalinsa. In kuwa daɗewa ce ma'auni, Maguzawan ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Gozaki sun riga mutane da yawa zama a nan, ga su manoma na gaske, amma ba kasafai ake tunawa da su ba in ana lissafin 'yan gari.

Kishin nan yakan kai har ga neman jiha. Cikin 1967 aka raba Jihar Arewa, Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Kaduna cikin 1976. Katsinawa suka nemi tasu, suka samu ran 23 ga Satumba, 1987. Daga baya mutanen ƙananan hukumomi 11 na kudu suka tashi neman Jihar Karaɗuwa, suna cewa su ke noma amma birni ke cin moriya, ga shi kuwa daga Funtuwa zuwa Katsina wajen kilomita 200 ne. Kukansu ba na banza ba ne, kuma neman hakki ba laifi ba ne. Sai dai a tuna, yadda mutumin Funtuwa ke ganin Katsina ta yi masa nisa, haka mutumin ƙauyen Sabuwa ke ganin Funtuwa. Da aka kawo babban aikin gona na Bankin Duniya cikin 1975, da taki da hanyoyin karkara, a Funtuwa aka kafa shi, ba a birni ba, amma masu bincike sun nuna manyan manoma sun fi ƙanana cin amfaninsa. A nan ba Bakatsinen birni ne ya danne kowa ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne da fitinar 'yan bindiga. Daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kuma cikin kwanaki shida da suka yi a daji ba a ji mai tambayar ɗan wane gari ne ba. Kowa ya yi addu'a, kowa ya ce 'ya'yansa ne. Amma tausayin kwana shida yana da sauƙi. Mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da yawa sun bar gonakinsu da rumbunansu, sun shigo manyan garuruwa da abin da kai ya iya ɗauka. Waɗansu 'yan gari sun buɗe musu zaure, sun ba su aron gona, kamar yadda mutanen Madina suka yi wa masu hijira. Waɗansu kuwa ninka musu kuɗin haya suka yi, suka ɗauke su ƙwadago da rabin lada, sa'an nan da maraice suka koma dandali suna yabon karamcin garinsu. Cikin waɗanda suka gudo akwai da yawa da ba za su koma ba, domin sun yi aure, sun kama sana'a, an haifa musu 'ya'ya a Funtuwa da Malumfashi. Nan da 'yan shekaru yaran nan za su tsaya a bakin tagar ofishin ƙaramar hukuma suna neman takarda, wanda ke zaune bayan tagar kuwa mai yiwuwa jikan ɗan cirani ne da ya zo ɗaukar auduga zamanin B.C.G.A.