Ina Za Mu Gudu?

Karatu: Irmiya 41:16 zuwa 43:13

'Yan'uwa, tun daga 1945 da aka jefa bom na nukiliya a Hiroshima, tsoron yaƙin da zai cinye duniya bai bar zukatan mutane ba. Waɗansu attajiran Amurka sun sayi filaye a New Zealand, waɗansu sun haƙa ɗakuna ƙarƙashin ƙasa sun tara abinci. Mu mutanen Barno ba sai an ba mu labari ba, gama mun ga gari ya watse cikin yini ɗaya. Domin wannan ya kamata mu karanta labarin nan a hankali.

Sa'anda Babila ta ci Urushalima, aka kuma kashe Gedaliya mai-mulki a Mizfa, sauran jama'a suka tsorata. Yohanan ɗan Kareya ya tattara su, suka sauka kusa da Baitalami, fuskarsu tana wajen Masar. Ku lura da wannan fa: sun riga sun ɗaura kaya kafin su je wurin annabi. Suka roƙi Irmiya ya nema musu nufin Ubangiji, suka rantse za su yi biyayya ko da daɗi ko ba daɗi. Kwana 10 suna jira, abu mai-wuya ga wanda ya tsorata. Da amsa ta zo, cewa su zauna a ƙasar Allah zai kafa su, sai suka ce annabi ƙarya yake yi. Ashe ba shawara suke nema ba, hatimi suke so a buga bisa abin da suka rigaya suka ƙulla. Suka tafi Tafanes, suka ɗauki Irmiya tare da su. Can Ubangiji ya sa shi ya binne manyan duwatsu a ƙofar gidan Fir'auna, alama ce cewa sarkin da suke gudu zai kafa kursiyinsa a wurin.

Kada wani ya ce gudu zunubi ne. Yusufu ya gudu da jariri Yesu zuwa wannan Masar ɗin bisa umurnin Allah. Ubangijinmu ma ya faɗa wa na Yahudiya su gudu zuwa duwatsu (Matta 24:16), Yusibiyus mai-rubuta tarihin ikilisiya kuwa ya ce masu-bi na Urushalima sun ƙaura zuwa Fella, ƙetaren Urdun, kafin Romawa su rushe birnin a shekara ta 70. Wanda ya ga wuta a ƙofarsa, bari ya ɗauki 'ya'yansa ya fita, kada kuwa wanda ya zauna lafiya ya hukunta shi.

Amma nisa ba ya ceto. A watan Agusta 1914 ba a san Gwoza a bakin duniya ba, bayan shekara 100 daidai, cikin Agusta 2014, Boko Haram ta kama ta. Mutane suka hau duwatsun Mandara suka ɓuya cikin koguna, yunwa da ƙishi suka bi su can. Waɗansu suka ƙetara Kamaru zuwa sansanin Minawao. Waɗansu suka nufi Mubi, kafin ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har shugabannin Ekklesiyar 'Yan'uwa suka bar mazauninsu na Kwarhi suka koma Jos. Maiduguri kuwa, birnin da fitinar ta yi tsanani a Yuli 2009, wanda mai-hankali zai ce shi ne wurin guduwa daga gare shi, shi ya karɓi masu-gudun hijira fiye da miliyan 1. Yawancinsu ba a sansani suka kwana ba, a gidajen dangi da na baƙi ne, Kirista da Musulmi, da harabar majami'u. Dutse ya ba da maɓoya, amma tuwo daga hannun mutum ya fito.

Nan ne shirin attajirin nan ya gaza, gama ɗakinsa yana da ƙofa ɗaya, mabuɗi kuwa ɗaya. Ko Iliya, da rafin Kerit ya ƙafe, wurin gwauruwa a Zarefat aka aike shi.

Ku tattauna a ƙungiyarku: in kun taɓa gudu, wa ya buɗe muku ƙofa? In kuna shirin ƙaura yanzu, kun yi addu'a kafin ɗaurin kaya ko bayansa? Tsofaffi da marasa-lafiya na unguwarku, waɗanda ba su iya tafiya, wa kuka bar wa su?