Alƙali da Neman Girma: Waiwaye a Kan Rigimar Ƙarin Girma a Zamanin Turawa

A shekarar 1958 Sa Stafford Foster-Sutton ya sauka daga kujerar Babban Jojin Tarayyar Nijeriya, kuma kowa ya san lokaci ya yi da ɗan ƙasa zai hau ta. Mutum biyu ne idanu suka fi komawa kansu. Na farko shi ne Olumuyiwa Jibowu, wanda aka haifa a 1899, ya zama lauya a Ingila a 1923, aka naɗa shi majistare a Legas a 1931, ya zama jojin Babbar Kotu a 1942. Na biyu kuwa Adetokunbo Ademola ne, ɗan Alake na Abekuta, wanda aka haifa a 1906, ya zama lauya a 1934, majistare a 1939, joji a 1949, sannan Babban Jojin Jihar Yamma a 1955. Duk matakin da mutum ya duba, Jibowu ne a gaba: shekara 11 a lauyanci, 8 a aikin majistare, 7 a kujerar joji. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, amma a wannan karon ba haka aka yi ba. Ademola aka naɗa. Bayanin da ya fi yawo a bakin lauyoyi shi ne wai wata wasiƙa da Jibowu ya rubuta wa wani abokinsa, inda ya soki wasu 'yan siyasa, ita ce ta faɗa hannun da bai kamata ba, aka kafa hujja da ita cewa ya nuna ɓangaranci.

Ba mu kawo wannan labari don mu sake yanke hukunci tsakanin dattawan nan biyu ba, domin dukansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma kowannensu ya bar suna. Tambayar da ta dame mu ta ɗabi'a ce: shin ya dace mutumin da aka ɗora wa amanar raba gardama tsakanin jama'a ya tsaya yana gardama a kan girman kansa? In an tsallake shi, shiru ne ya fi masa mutunci ko magana?

Kafin mu taɓa wannan tambaya, ya kamata mu san irin gidan da waɗannan ma'aikata suka zauna a ciki. A 1933 gwamnatin Ingila ta haɗe ma'aikatan shari'a na ƙasashen da take mulka a ƙarƙashin tsari guda, daga majistare da lauyan gwamnati har zuwa Babban Lauyan Gwamnati da joji. Ofishin Mulkin Mallaka da ke Landan ne ke riƙe da tsanin. Mutum kan fara a wannan ƙasa, a ɗauke shi zuwa waccan, ƙarin girma da canjin wuri suna tafiya tare. Shi kansa Foster-Sutton ya yi aiki a Jamaika da Saifurus da Kenya da Malaya kafin ya iso Afirka ta Yamma. Abin da ke ɗaga mutum ko ya danne shi kuwa shi ne rahoton sirri da na sama da shi ke rubutawa a kansa, rahoton da kan bi ta hannun Gwamna kafin ya isa Landan. To, ga inda gizo ke saƙar: Gwamnan nan dai shi ne shugaban gwamnatin da ake kai ƙararta gaban wannan joji.

Ba nan kaɗai ba. A Ingila tun 1701 doka ta kare manyan joji daga kora, sai in majalisun dokoki biyu sun nemi a tsige su. Jojin ƙasashen mallaka bai sami wannan garkuwa ba. Wani joji mai suna Terrell, wanda ya yi aiki a Malaya, an tilasta masa ritaya a 1942 bayan Japan ta mamaye ƙasar, kafin ya cika shekara 62 da yake ganin an yi masa alkawari. Ya kai ƙara, a 1953 kotu a Landan ta gaya masa cewa jojin ƙasar mallaka yana bisa kujerarsa ne muddin Sarauta ta ga dama. Tun kafin wannan an ga yadda aka tsige Joseph Beaumont daga Babban Jojin Gayana a 1868, aka kuma dakatar da John Gorrie a Tirinidad a 1892, dukansu bayan sun yi ta karo da manyan Turawan wurin a kan haƙƙin leburori da talakawa. Waɗannan fa Turawa ne 'yan'uwansu. Ina ga baƙar fata?

A nan ne al'adar da muka tashi a cikinta take da abin cewa, kuma abin da take cewa mai nauyi ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abdurrahman ɗan Samura da kada ya roƙi shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda roƙo akan bar shi da kayansa, wanda kuwa aka ba shi ba tare da ya nema ba akan taimake shi. Mun kuma ji yadda Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur har aka tsare shi. A wannan ma'auni, alƙalin da ya zauna ya rubuta takardar koke yana lissafa shekarunsa da na abokin aikinsa, yana cewa ni ne na fi cancanta, ya riga ya nuna aibin da ya isa a hana shi kujerar. Hikimar a fili take. Wanda zuciyarsa ta rataya ga kujera, yana da abin da za a saye shi da shi. Mutane sun fi lura da alƙalin da ke tsoron kora, amma a ganinmu wanda ke sa ran ƙari ya fi shi hatsari. Tsoro yakan zo da rana tsaka, mai shi ya san yana jin tsoro, wani lokaci ma ya yi ta maza ya ture shi. Kwaɗayi kuwa sannu yake shiga, ba ya sallama. Ba sai Gwamna ya aiko da saƙo ba. Majistaren da ya san akwai gurbin joji a baɗi, ya kuma san wanda zai sa hannu a rahotonsa, da kansa zai fara ganin hujjar gwamnati ta fi ƙarfi, kuma zai rantse da gaskiyarsa cewa doka ce ta nuna masa haka.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da mun ce shiru ya fi, mu rufe littafi. Sai dai malaman da suka hana neman alƙalanci su ne kuma suka buɗe wata ƙofa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, an nuna cewa karɓar alƙalanci, har ma da nemansa, yakan zama wajibi a kan mutumin da babu wani da ya cancanta sai shi, ko wanda ya ji tsoron haƙƙin mutane zai salwanta in bai hau ba. Annabi Yusufu ma, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi Sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalilinsa. Ashe ke nan ba furta buƙata ne laifin ba. Abin dubawa shi ne wa zai cutu in aka yi shiru.

Mu auna lauyan Afirka na farkon ƙarni na 20 da wannan ma'auni. Ya je Landan, ya yi karatun da Bature ya yi, ya ci jarrabawar da ya ci, ya dawo gida ya tarar kujerun shari'a na Turawa ne. A lardunan Nijeriya, daga 1914 har zuwa gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933, Razdan da Di'o ne ke zaman shari'a a kotunan lardi, yawancinsu ba su karanci doka ba, kuma ba a yarda lauya ya tsaya gabansu ba. Shi ya sa da 'yan bokon Afirka ta Yamma suka taru a Akara a 1920 a ƙarƙashin jagorancin Casely Hayford, cikin buƙatunsu har da raba aikin shari'a da na mulki, da kuma buɗe wa 'yan ƙasa da suka cancanta ƙofar kujerun shari'a. Ko da aka zo 1946, kwamitin Sa Walter Harragin, wanda shi ma joji ne, ya soke kiran muƙamai da sunan na Turawa da na 'yan Afirka, amma ya kawo wani alawus na zaman baƙunta da Bature kaɗai ke karɓa. Aiki ɗaya, kujera ɗaya, albashi biyu. Wanda aka danne a irin wannan hali, in ya yi shiru da sunan kunya ko tawali'u, ba kansa kaɗai ya yi wa shiru ba. Ya sa hannu ne a kan cewa launin fatarsa aibi ne, ya kuma bar wa na bayansa ƙofa a rufe. Muna ganin koken irin wannan mutum ya fi kusa da na wanda Muhtasar ya wajabta wa nema.

Wahalar ita ce, a waje koken nan biyu kamarsu ɗaya. Takardar mai kishin gaskiya da ta mai kwaɗayi duk da kalmomi iri ɗaya ake rubuta su: na daɗe, na ƙware, an zalunce ni. Sau da yawa ma mutum guda ne ke ɗauke da niyyar biyu a ƙirji ɗaya, shi kansa bai san inda wannan ta ƙare waccan ta fara ba. Mu da ke aiki a jami'a bai kamata mu yi saurin yi wa kowa dariya ba, domin mun san yadda zumuncin shekara ashirin kan lalace a mako guda idan jerin sunayen ƙarin girma ya fito, kuma kowannenmu yakan ce don gyaran tsari yake magana. Gwaji ɗaya da muke ganin yana da amfani shi ne mutum ya tambayi kansa: da wani aka yi wa abin nan da aka yi mini, zan ɗauki alƙalami? Ƙa'idar da nake kafa hujja da ita yau, zan yarda a yi aiki da ita gobe idan ni za ta hana? Ba kowa ne ke tsallake wannan gwaji ba, kuma ba mu ce mun tsallake ba.

Sai kuma batun daɗewa da cancanta, wanda shi ne ƙashin bayan kusan kowace rigima irin wannan. Yana da sauƙi a raina daɗewa, a ce tsufa ba ilimi ba ne, kuma gaskiya ne. Amma daɗewa tana da wata falala da cancanta ba ta da ita: ana iya ƙirga ta. Ba wanda zai yi musun cewa 1942 ta riga 1949. Cancanta kuwa sai wani ya auna, kuma mai awon yana da abokai, yana da abokan gaba, yana da abin da yake so kotu ta yi masa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. A aikin gini ko na asibiti, in aka fifita gwani a kan dattijo, jama'a ce ta ci riba. A aikin shari'a kuwa, duk ranar da aka tsallake na gaba, ko da an yi haka da kyakkyawar niyya, sauran joji da ke ƙasa sun karɓi darasi: akwai wanda ya kamata a faranta wa rai. Wannan hasara ce da ba ta fitowa a takarda, kuma tana iya fin ribar samun gwani. Duk da haka ba za mu ce a bi layi ido rufe ba, domin Turawan mulki ma da hujjar daɗewa suka riƙa kare kansu, bayan su ne suka hana ɗan ƙasa shiga layin tun farko. Ƙirga shekaru adalci ne kawai idan an buɗe wa kowa ƙofa a rana ɗaya.

A Arewa lamarin ya ɗauki wata siga. Alƙalanmu ba ma'aikatan Landan ba ne, na En'e ne. Sarki ke naɗawa, Razdan ya amince, kuma doka ta kasa kotunansu daraja huɗu, daga A zuwa D, kowace da iyakar hukuncin da za ta iya yankewa. Saboda haka alƙalin gunduma da ke hangen kujerar birni fuska biyu yake kallo, ta fada da ta bariki, ga kuma gidajen da suka gaji alƙalanci kaka da kakanni. Da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, sai wata sabuwar tambayar ta taso, wato tsakanin mai takardar makaranta da wanda ya yi shekaru yana muhuti a gaban mahaifinsa, wa ya fi cancanta. Sunaye ne suka bambanta, ciwon ɗaya ne.

Mu koma ga mutanenmu biyu. Babu mai cewa Ademola bai iya aikin ba. Ya riƙe kujerar shekara 14, ta cikin samun 'yancin kai da juyin mulki da yaƙin basasa. Idan kuma labarin wasiƙar nan haka yake, to masu cewa joji bai kamata a san ɓangarensa ba suna da hujja, ko da yake mu abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a ce maganar da mutum ya yi wa amininsa a asirce ta fi shekara 27 na aikinsa a fili nauyi. Abin da Jibowu ya yi bayan haka shi ne ya fi tsaya mana a rai. Ya tafi Ibadan ya hau kujerar Babban Jojin Jihar Yamma, wato kujerar da ƙanensa a aiki ya tashi daga kanta, inda ƙarar da aka ɗaukaka daga kotunsa za ta je gaban kotun da Ademola ke shugabanta. Wani zai kira wannan haƙuri, wani ya kira shi rashin zaɓi. Bai daɗe a kanta ba, ya rasu a 1959, shekara guda kafin a sauke tutar Ingila.

Tutar ta sauka, tsanin bai sauka ba. A Gana, Shugaba Nkrumah ya tsige Babban Joji Arku Korsah a 1963 bayan kotunsa ta sallami wasu da ake tuhuma da cin amanar ƙasa. A Nijeriya tsarin mulkin 1963 ya soke hukumar da ke kula da naɗin joji, ya mayar da ikon hannun Firayim Minista. Da Ademola ya yi ritaya a 1972, Janar Gowon bai ɗauki kowa daga cikin jojin Kotun Ƙoli ba, sai ya ɗauko Kwamishinan Shari'arsa, Dokta Taslim Elias, ya ɗora a kansu duka. Bayan shekara uku, a 1975, gwamnatin Janar Murtala ta sauke shi.