Ina Dusar Take?

Wata ƙanwarmu da ke karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ta zo mana hutu da wayarta a hannu, tana so mu koya mata tace bidiyo. Ta yi koyarwar gwaji a wata firamare da ke tsakanin Safana da Batsari, ta jingina wayar a kan taga ta ɗauki darasin lissafi na minti ashirin da wani abu. Burinta ta rage shi zuwa minti biyar, ta tura wa ɗalibanta da iyayensu suka kwashe su zuwa cikin garin Batsari ko Katsina saboda 'yan bindiga.

Rubuta manhaja ce sana'armu, don haka muka ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Haka kuwa aka yi. Muka buɗe mata CapCut, manhajar kamfanin ByteDance mai TikTok, kafin isha'i ta iya raba bidiyo gida biyu, ta goge abin da ba ta so, ta ɗora rubutu a ƙasa. Sai ta iso wani wuri ta tsaya. Ana cikin darasi aka ji ƙarar babur a waje, yaran duk suka yi tsit, suka juya ga taga. Daƙiƙa shida ko bakwai, sannan babur ya wuce, ita ma ta ci gaba da magana kamar ba a yi komai ba.

Ta ce, "Yaya, in na cire nan, na yi ƙarya?"

Ba mu da amsa a daren. Digirin kimiyyar kwamfuta bai tanadar mana ita ba.

Hausa ta riga mu hango matsalar. Kalmar da 'yan Kannywood ke kiran aikin edita da ita, ita ce a sunan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ita ce kuma ta matan da ke tace gasara. Duk mai tacewa yana fitar da abu biyu, gasara da dusa. Mai shan koko ba ya tambayar ina dusar take, domin ya san abin da aka zubar. Mai kallon bidiyo kuwa bai ma san an zubar da wani abu ba.

Ba za mu ce yanka kansa laifi ba ne. Koyarwa gaba ɗayanta zaɓe ce: malamin aji uku ba ya faɗa wa yara duk abin da ya sani, kuma babu mai kiransa maƙaryaci. Amfanin gajeren bidiyo a wannan yanki ma ba abin musu ba ne. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni a haka. Wanda ya ga wannan lokaci ya san darajar abin da ke iya tafiya daga waya zuwa waya ta Xender ko katin memori, ba tare da intanet ba. Darasin da ya yi nauyi ba zai yi wannan tafiyar ba, dole a rage shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yanka yana ƙirƙirar ma'ana. Wajen shekarar 1920 wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar jarumi guda, ya jera shi da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da wata mace. An ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta canza ba. Mu ma muna ganin haka kullum a WhatsApp: a datse wa'azin malami a tsakiyar jimla, ko a ɗauko bidiyon wani hari na wata ƙasa a ce jiya ne a Runka. Kowane hoto a ciki gaskiya ne, jerin ne ƙarya.

Malaman hadisi sun tattauna wannan tun kafin a san kyamara. Sun yi saɓani kan ko ya halatta a taƙaita hadisi, ra'ayin da ya fi rinjaye kuma, wanda Ibnus Salah ya kawo a littafinsa na ilimin hadisi, shi ne ya halatta ga masani idan abin da ya bari bai rataya da abin da ya kawo ba, ta yadda ma'ana ba za ta sauya ba. Mun fi samun nutsuwa da wannan ma'auni fiye da duk wani darasin YouTube. A bidiyon da za a tura wa yaro don ya gane rabi da kwata, ƙarar babur ba ta rataya da lissafi ba. Yaron ma ya san ƙarar fiye da mu, ita ce ta kore shi daga ƙauyensu. Amma a ce wannan bidiyon ne za a miƙa wa wani jami'i ko wata ƙungiyar agaji a matsayin shaidar cewa makaranta na tafiya lafiya, a nan daƙiƙoƙin nan bakwai su ne labarin, tare da bencinan da babu kowa a kansu. Yanka iri ɗaya, a wuri ɗaya, hukunci biyu.

Akwai kuma yankan da muke ganin wajibi ne. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, babu malamin da ya kamata ya saki bidiyon da ke nuna fuskokin yara, da allon sunan makaranta, da hanyar shiga, a yankin da ke bakin dajin Rugu. Mutanen dajin ma suna da wayoyi, wasunsu har TikTok suke yi. Rufe fuskar yaro ɓoye gaskiya ne, ba shakka, sai dai an ɓoye ta ne ga wanda ba shi da haƙƙin ganinta.

Wani abu da masu sana'armu suka sani, masu kallo ba su sani ba: manhajar tace bidiyo ba ta taɓa asalin fayil. Abin da take ajiyewa umarni ne kawai, fara daga nan, tsaya a can. Edita na iya janye kuskurensa sau ɗari. Da zarar ya fitar da bidiyon ya tura, sai wannan dama ta ƙare, wanda ya karɓa ba shi da maɓallin komawa baya. Mu muka gina kayan aikin a haka, don sauƙin mai yanka, kuma ba mu tuna ranar da muka zauna muka yi tunanin mai kallo ba.

Shi ya sa muka fara zargin cewa babbar ribar da malamin gobe zai samu a wannan ilimi ba bidiyon darasi ba ce. Wanda ya taɓa yanka da hannunsa yana gane tabon yanka: inuwa ta yi tsalle, murya ta canza, hannu yana sama sai ga shi a ƙasa. Malamar da za ta ɗauki jimla ɗaya a gaban 'yan aji shida, ta datse ta har ta koma kishiyar kanta, yara suna kallo suna dariya, ta ba su abin da za su riƙe ranar da bidiyon tunzura jama'a ya iso wayar babansu.

Washegari ƙanwar tamu ta cire ƙarar babur ɗin, ta rufe fuskoki, bidiyo ya dawo minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi. Muka ce ta goge asalin don wayarta ta cika. Ta ƙi. Ta karɓi aron katin memori a wurinmu ta kwafe shi, ta rubuta kwanan wata a 'yar takarda ta naɗe katin a ciki. Har yau ba ta dawo mana da shi ba.