Sauti da Suna: Ina Ma'anar Kiɗa Take?

A shekarar 1960 Krzysztof Penderecki, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland, ya rubuta wani kiɗa na kayan tsirkiya 52, wato biyolin da manyan 'yan uwanta, waɗanda duk dangin goge ne da ake gugawa da izga, sai dai su galibi tsirkiya huɗu gare su. Sunan da ya fara raɗa masa shi ne 8'37", wato minti takwas da daƙiƙa 37, kuma sai bayan ya ji an kaɗa shi ne ya sauya masa suna zuwa makoki ga waɗanda suka halaka a Hiroshima, birnin Japan da Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta, 1945. Wannan sauyi ya farfaɗo da tsohuwar tambayar masana falsafa, ko ma'anar kiɗa a cikin sautinsa take, ko kuwa mai sauraro ne ke zuwa da ita a kunnensa.

Kiɗan ba shi da karin da za a bi da baki, ba shi kuma da bugun da za a taka. An umarci makaɗa su ja izga a kan sautin da ya fi kowanne tsini a kayansu, su guga guntun tsirkiyar da ke bayan jaki, wato ɗan katakon da ke ɗage tsirkiya daga jikin kayan, su ƙwanƙwasa jikin katakon da yatsa, sannan su haɗu a kan sautuka masu kusancin da kunne ba ya iya raba su, har su dunƙule su zama ƙara guda mai kauri. Wanda ya san sabon sunan yakan ji jiniya da ihun mutane a ciki, alhali an tsara sautukan tun kafin a jingina su ga Hiroshima.

Eduard Hanslick, mai nazarin kiɗa na birnin Vienna, ya kafa hujja tun 1854 cewa kiɗa ba ya ɗauke da komai sai siffar sautinsa mai motsi, kuma a zahiri labarin Penderecki ya gaskata shi. Amma hujjar ta tsaya a rabin hanya, domin da a ce sauti fanko ne da kowane suna zai zauna masa, alhali babu wanda zai kira wannan ƙara kiɗan biki ko na lallashin jariri mutane su yarda. Abin da ke cikin sautin shi ne tsanani da ƙunci waɗanda ba su nuna kowa ba, sunan kuma shi ya ba su gari da rana. Saboda haka Penderecki bai yi ƙarya ba da ya sadaukar da kiɗan ga mamatan, amma mai cewa kiɗan hoton faɗuwar bam ne ya yi kuskure.