Sadaki: Girmamawa Ne ko Farashi?

Karatu: Farawa 24:50-58, 29:15-30, 31:14-16

In kana da 'ya mace a gida, ko kana neman 'yar wani, da kai nake magana yau.

Shekarun baya wani saurayi mai gyaran babur a Samaru ya nemi wata yarinya a Sabon Gari. Dukansu masu bi ne, a ƙungiyar mawaƙa suka haɗu. Da danginsa suka je gaisuwa, aka miƙa musu takarda shafi biyu: kuɗin uba, kuɗin uwa, na kawunnai, akuya, zannuwa, buhun gishiri, har da abin da aka kira kuɗin makaranta. Yaron ya yi shekara huɗu yana tarawa, kaya kuma suna ta tashi a kasuwa. A shekara ta huɗu yarinyar ta yi ciki. Muka sa su horo, muka mayar da su bencin baya, kuma daidai ne, gama zunubi zunubi ne. Amma uban da ya rubuta takardar yana nan zaune a layin gaba ran Lahadi, ba wanda ya ce masa uffan. Ni ma ban ce ba. Har yau abin yana cina.

Kada ka ɗauka ina cewa a soke sadaki. Al'ada ce tsohuwa, kuma akwai hikima a cikinta. Kakanninmu sukan sa saurayi ya kira gayya ya nome gonar surukinsa, a ga ƙarfinsa, a ga kuma ko yana da mutane. Ko a labarin Bayajidda, sai da baƙon ya kashe macijin rijiyar Kusugu, mutanen Daura suka sami ruwa, kafin Daurama ta aure shi. Abin da ake so a gani shi ne ko mutumin zai iya ɗaukar nauyi. Maƙwabtanmu Musulmi a nan Bomo sun san mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, kuma haƙƙin amarya ne, ba na ubanta ba. A wannan kam sai mu ji kunya.

To, yaushe girmamawa take zama ciniki? Duba gida ɗaya a cikin Littafin Farawa. Sa'ad da bawan Ibrahim ya je nema wa Ishaku mata, zinariyar da ya fara fitarwa a jikin Rifkatu ya sa ta: zobe a hanci, awarwaro biyu a hannu. Daga baya ya ba ta tufafi, ya kuma yi wa uwarta da ɗan'uwanta kyauta. Sa'an nan aka kira yarinyar aka tambaye ta ko za ta tafi. Ka tuna wane ne ɗan'uwan nan? Laban ne, wanda ya sheƙa waje da gudu da ya ga awarwaron a hannun 'yar'uwarsa. Da ya zama uba, sai ya karɓi aikin shekara bakwai daga Yakubu, ya musanya amarya da dare, ya ƙara karɓar bakwai. Shekara goma sha huɗu! Ba inda aka ce an tambayi Lai'atu ko Rahila. A sura ta 31 su da bakinsu suka yi ƙarar cewa ubansu ya sayar da su, ya kuma cinye kuɗin. 'Ya'yan Laban sun san lissafin, naka ma za su sani.

Wani uba ya ce mini, "Mai bishara, na yi wahala na kai ta Jami'ar Ahmadu Bello, in ba da ita kyauta?" Na tambaye shi wa zai biya shi kuɗin makarantar ɗansa namiji. Ya yi shiru. Tarbiyya ba bashi ba ce, amana ce Ubangiji ya ba ka. Kuma ka sani, namijin da aka tatsa har ya ci bashi yakan shiga gida da tunanin ya saya. Ranar da faɗa ya tashi, 'yarka ce za ta ji wannan kalma, ba kai ba.

Iyaye mata, ku ma ban tsallake ku ba. Uwa takan ci bashi saboda kayan ɗaki da gara don kada zumuntar mata su yi mata dariya, amarya kuma ta ƙirga akwatunan lefe da na ƙawarta. Hukuma ta gwada hanawa: Jihar Gabas ta kafa doka a 1956 ta tsayar da kuɗin aure a fam 30, Indiya kuma ta haramta nata irin, wanda iyayen mace ke biya, a 1961. Takarda ba ta iya da kwaɗayi ba.

Saboda haka kafin ka miƙa taka takardar, ka kira 'yarka ka karanta mata layi-layi, ka faɗa mata hannun da kowane abu zai shiga. Duk layin da ka ji nauyin karantawa a gabanta, ka soke shi. Yaron nan na Samaru yana da 'ya'ya uku yanzu, amma ba a ɗaura auren a majami'a ba, gama har yau bai gama biyan shafi na biyu ba.