Allurar da Ta Tsaya a Kan "Cike"

A ƙasar Sudan, kudu da Sinnar, akwai wani gari a bakin kogin Shuɗin Nilu mai suna Maiwurno. Mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi gabas tare da Muhammadu Bello Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga can har zuwa Damazin, inda aka gama madatsar ruwa ta Rusairis a 1966, an san Hausawa da su da noman bakin kogi. Kogin nan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, a watan Agusta kuwa yakan cika ya yi ƙarfi ƙwarai. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa a irin wannan lokaci, ruwan ne zai zaɓa masa inda za shi.

Saboda haka matuƙi yana dogara ga wani ɗan ƙaramin abu, wato gejin mai. A cikin tanki akwai wani abu marar nauyi da yake yawo a saman fetur, kamar gorar masunta a kan ruwa. Sa'ad da mai ya ragu, sai ya sauka, waya ta kai labari, allura ta motsa. Gejin yakan lalace ta hanya biyu. In abin nan ya huje ya nutse, allura za ta ce babu mai alhali kuwa akwai. Wannan damuwa kawai yake kawowa. In kuwa ya maƙale a sama, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, allura tana iya tsayawa a kan "cike" har ɗigon ƙarshe ya ƙone. Wannan ne yake jawo asarar rai, gama matuƙin yana tafiya hankalinsa kwance.

Makaniki mai hikima ba ya fara da sayen sabon geji. A irin gejin da aka ƙera bisa ma'aunin Amurka, yakan kunna makulli, ya cire wayar daga kan tanki. Allura za ta faɗi ƙasa. Sai ya taɓa wayar da wadda take komawa baƙin kan batir. In allura ta tashi zuwa "cike", to, ita da wayar lafiya suke, cutar tana can cikin tanki inda ido ba ya gani.

Yanzu ga tambayarmu. Matuƙin da ya ɗauki mata da yara zuwa kasuwa, mai ya ƙare masa a tsakiyar kogi, ya ce, "Allura ce ta ruɗe ni," yana da laifi ko babu? Wani zai ce babu, domin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani shi ya gaskata. Gaskiya ne, ba maƙaryaci ba ne. Amma kwana uku yana fito allurar ba ta motsa ba. Ya san injin ba iska yake sha ba. Ga kuma sanda a gefensa, da ya tsoma ta cikin tanki, da ta faɗa masa gaskiya. Bai tsoma ba, domin labarin da allurar take ba shi ya yi masa daɗi. A nan laifinsa yake.

Haka lamirin mutum yake. Sau da yawa mukan ce, "Zuciyata ba ta kā da ni ba." Amma lamiri ma yana maƙalewa. Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana tauye mudu, barcinsa yake sha. Maigidan da ya saba yi wa matarsa tsawa, ya daina jin kome. Shirun zuciyarsu ba shaida ba ce cewa suna da gaskiya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, ina sandarmu? Tana hannun waɗanda suke cikin jirginmu. Ka tambayi matarka, da yaron shagonka, da wanda yake bin ka bashi, yadda suke ji da kai. Kada ka katse su, kada ka kāre kanka. In shekaru sun wuce ba ka taɓa ce wa kowa "ka gafarce ni" ba, ka yi shakkar allurarka, gama babu mai rai da ba ya kuskure.

Ya kai mai karatu, a bakin gaɓa ake tsoma sanda, tun ba a kwance igiya ba. Wa za ka tambaya yau? Allah ya ba mu zuciyar karɓar amsa.