Ciwon Uwa da Haƙƙin Abin da ke Cikinta

 Wani bawan Allah ya tsayar da ni bayan sallar La'asar a nan Gure. Ya ce mai ɗakinsa tana da cikin wata bakwai, ciwon baya ya hana ta barci, tiramol kaɗai ke lafa mata shi. Shin tana da zunubi?

Ku sani, asalin tiramol maganin likita ne, dangin morfin, ana rubuta shi ga wanda aka yi wa tiyata ko ya samu karaya. Na asibiti galibi miligiram 50 ne, na mai tebur kuwa yakan kai 200 ko 225. Likitoci sun tabbatar yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Idan uwa ta daɗe tana sha, jariri kan iya fitowa jikinsa ya saba da ƙwayar, yana karkarwa, yana tsala kuka, yana ƙin nono.

Shari'a ba ta mance da abin da ke ciki ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ana dakatar da rabon gado har a haife shi, kuma an yarda mai ciki ta sha azumi idan ta ji masa tsoro. Wanda aka jinkirta gado dominsa, ina halaccin a shayar da shi abin da zai cutar da shi? Amma ita ma uwa rai ce, ba a ɗora mata ta kwana tana juyi da sunan haƙuri ba. Malaman fiƙihu sun ba larura hukuncinta, sai dai ana auna ta gwargwadonta. Mai awon nan kuwa likita ne, ba mai tebur ba, ba kuma ni limami ba.

Sai na tambaye shi: wa ke ɗebo ruwa a gidanka, wa ke daka? Ya yi shiru. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mai da awon ciki kyauta, amma bai taɓa kai ta ba, shi ne ma ke sayo ƙwayar da hannunsa.

Na ce masa kada ya ƙwace ta rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na iya cutar da su biyun. Ya kai ta asibiti da safe, su gaya wa likita gaskiyar ƙwaya nawa take sha, kuma tun yaushe.